Arrakis: tambayoyi da amsoshi kan duniyar hamadar da manyan gidaje suka yi ta zubar da jini a kanta

Waɗanda suka kalli finafinan Dune na 2021 da 2024 sukan taso da tambaya iri ɗaya: me ke cikin wannan tulin rairayi da sarakuna ke kashe juna a kansa? Na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, na amsa su daga littattafai shida da Frank Herbert ya fitar tsakanin 1965 da 1985, domin a cikinsu tarihin wurin yake cikakke. Wanda bai karanta ba ya sani tun yanzu, zan faɗi yadda labarin ya ƙare.

Ina Arrakis take? Akwai ta da gaske?

Ita duniyar ƙirƙirarriya ce, amma tauraron da aka ce tana kewayawa na gaske ne. A labarin, ita ce duniya ta uku daga tauraron Kanopus, wanda Larabawa ke kira Suhail, kuma tana da wata biyu. Suhail shi ne na biyu wajen haske a sararin dare, Shi'ira kaɗai ya fi shi. Nisansa da mu ya kai tafiyar haske ta shekara 310 ko kusa da haka.

Daga Kano ko Sakkwato ko Damagaram ana ganinsa da ido. A watan Janairu da Fabrairu, bayan isha'i da kamar awa ɗaya ko biyu, in hazo ya yi sauƙi, ka fuskanci kudu ka nemo Shi'ira, sannan ka sauko da idonka ƙasa. Farin tauraron da za ka gani shi kaɗai, sama kaɗan da kan itatuwa, shi ne. Mutumin Landan ba zai taɓa ganinsa daga ƙofar gidansa ba, domin ba ya ɓullowa a can.

Mene ne melanj ɗin nan da ake mutuwa a kansa?

A cikin labarin yaji kawai ake ce masa. Yana da ƙamshin kirfa, ana zuba shi a abinci da kofi. Yana tsawaita rai, shi ya sa babu gidan mai hali da ba a cinsa. Yana buɗe wa wasu ido su hango abin da ke tafe. Wanda ya saba da shi idonsa yakan rine ya koma shuɗi gaba ɗaya, babu fari, kuma ranar da ya rasa shi mutuwa ce.

Amma abin da ya ɗaure daula duka da wannan duniya ɗaya shi ne tafiya. Kimanin shekara 10,000 kafin labarin, mutane sun yi wa na'urori masu tunani tawaye, suka farfasa su, suka haramta ƙera duk wani inji mai kwaikwayon hankalin ɗan'adam. Babu kwamfuta ke nan. To kumbon da ke tsallaka tazarar taurari, wa zai zaɓar masa hanyar da ba zai halaka ba? Matuƙan Ƙungiyar Sufuri ne, waɗanda ke cika jikinsu da melanj har su hango hanya mai lafiya tun kafin a bi ta. In babu melanj babu tafiya, in babu tafiya babu ciniki, babu haraji, babu tura soja. Kowace duniya za ta zauna ita kaɗai kamar ƙauyen da ambaliya ta yanke wa hanya. Ƙungiyar ta ɓoye wannan dogaro nata ƙwarai, mutane kaɗan ne suka san zurfinsa.

Me ya hana a noma shi ko a haɗa shi a wani wuri?

Domin ba ma'adini ba ne da ake haƙowa, ba kuma shuka ba ce. Daga rayuwar tsutsar rairayi yake fitowa, wadda a can cikin hamada tsawonta yakan kai mita 400. Kafin ta girma, ƙaramar halitta ce da ake kira kifin rairayi. Aikinta shi ne ta kewaye duk ruwan da ta samu ta kulle shi a ƙarƙashin ƙasa, saboda ruwa guba ne ga babbar tsutsa. Abin da waɗannan ƙanana ke fitarwa yakan gauraya da ruwa ya ruɓa, iska ta taru a ciki, sai ya fashe ya watso saman rairayi. Rana ta busar da shi, ya zama melanj.

Hamada da tsutsa da yaji abu ɗaya ne ke nan. Wanda ya kawo ruwan sama ya kashe tsutsa, wanda ya kashe tsutsa ya kashe yaji. Akwai filayen gishiri a hamadar da ke nuna cewa a da can akwai teku a Arrakis, kuma littafi na uku ya faɗi cewa kifin rairayi kawo shi aka yi daga wani wuri, shi ya shanye duniyar.

Kwasar ma caca ce da rai. Jirgi ne ke sauke ƙatuwar motar kwasa a kan filin yaji. Ƙarar injinta tana kiran tsutsa, babu makawa sai ta zo. Ƙananan jirage suna shawagi suna duban inda rairayi ke motsi, da sun hango ta sai a kira babban jirgi ya sure motar a kan gaɓa.

Su wane ne 'yan asalin wurin?

Fremen. Su ma zuwa suka yi, zuriyar makiyaya ce da aka yi ta kora daga duniya zuwa duniya har suka ƙare a inda ba wanda zai bi su. Suna zaune a kogwannin duwatsu, suna sanye da rigar da ke tace gumi da numfashi da fitsari ta mayar da su ruwan sha. In mutum ya mutu, namansa nasa ne amma ruwan jikinsa na ƙabila ne. Lokacin da Paul, jarumin labarin, ya kashe wani ɗan Fremen mai suna Jamis a faɗan gaba da gaba, an auna ruwan mamacin, lita 33 da ɗoriya, aka rubuta shi da sunan Paul.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na dabino. A ƙofar fadar birnin Arrakeen akwai itatuwan dabino 20. Kowanne yana shan lita 40 a rana, mutum kuwa lita 8 ta ishe shi. Talakawan gari in sun wuce sukan ɗaga kai su dubi itatuwan, abin da suke gani mutum 100 ne. A cikin fadar kuma al'adar Harkonnen, gidan da ya daɗe yana riƙe da Arrakis, ita ce baƙi su wanke hannu su watsar da ruwa a ƙasa, a goge da tsumma, sannan a sayar wa mabarata matsar tsumman a bakin ƙofa. Duk wanda ya taɓa bin layin rijiya a tsakiyar bazara ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Tunda wurin yana da wannan daraja, me ya sa Sarkin Sarakuna bai riƙe shi da kansa ba?

Saboda daular tukunya ce a kan duwatsun murhu uku. Dutse na farko gidan Corrino, wato Sarki Shaddam na IV da sojojinsa Sardaukar da kowa ke tsoro. Na biyu majalisar manyan gidaje, Landsraad, waɗanda in suka haɗa kai ƙarfinsu ya kai na Sarki. Na uku Ƙungiyar Sufuri, wadda babu mai motsawa sai da yardarta. Dukiyar kuma tana bi ta hannun kamfanin CHOAM ne, wanda Sarki da manyan gidaje ke da hannun jari a ciki.

Da Sarki ya ɗora hannu kai tsaye a kan yaji, sauran biyun za su haɗe masa kai. Don haka ake ba wani gida kwangilar haƙa, a yanka masa adadin da zai kawo. Gidan Harkonnen ya yi shekara 80 yana riƙe da ita. Sun matse ƙasa da mutanenta, sun tara yaji a ɓoye, suna farautar Fremen kamar namun daji.

To me ya sa aka karɓe aka ba gidan Atreides?

Kyauta ce mai ƙugiya a ciki. Leto, shugaban Atreides kuma mahaifin Paul, ya yi farin jini a majalisa, kuma ya horar da wata 'yar runduna da ta kusa kamo Sardaukar a iya yaƙi. Shaddam ya ga abin da ke tafe. A shekarar 10,191 ta lissafinsu ya umarci Leto ya bar Caladan, duniyar teku da ruwan sama inda gidansa ya yi ƙarni da ƙarnuka, ya koma Arrakis. Leto ya san tarko ne. Ƙin zuwa tawaye ne, zuwa kuma shiga bakin kura.

Abin da ya sa ya shiga da ƙafarsa shi ne ya hango abin da Harkonnen ba su gani ba. A Caladan da ƙarfin ruwa da na sama suka yi mulki, a nan kuwa ƙarfin hamada yake nema, wato ƙawance da Fremen. Har an fara ƙulla shi. Stilgar, wani shugaban Fremen, ya zo fada ya tofa yawu a kan teburin Leto, fadawa suka zabura, sai aka bayyana musu cewa girmamawa ce mafi girma, mutum ya ba ka ruwan jikinsa. Rannan kuma da jirgin ɗauko bai zo ba, tsutsa tana tahowa, Leto ya bar motar cike da yaji ya kwashi ma'aikatanta a nasa jiragen. Masanin ƙasa Liet-Kynes yana wurin, kuma tun daga ranar zuciyarsa ta fara karkata.

Lokaci ne bai ishe shi ba. Likitan gidansa, Yueh, ya kashe garkuwar lantarki da ke kare fada daga ciki, Harkonnen suka sauko tare da Sardaukar sanye da kayan Harkonnen. Mai ba Leto shawara ya ƙiyasta cewa kuɗin jigilar wannan runduna ya kai abin da Arrakis za ta samar a shekara 50. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna darajar wurin a idonsu.

Ta yaya Harkonnen suka shekara 80 ba su san ƙarfin Fremen ba?

A ganina wannan ita ce tambayar da duk tarihin Arrakis ke rataye a kanta. Duk wanda ya zo yaji yake ƙirgawa. Ba wanda ya ƙirga mutane.

Harkonnen sun zauna a arewa, a biranen Carthag da Arrakeen, bayan wani dogon jerin duwatsu da ke tare guguwa da tsutsa. Sun ɗauka kudanci ba ya zaunuwa, Fremen kuwa 'yan tsiraru ne masu yawo a gefen hamada. Gaskiyar ita ce sun kai miliyan 10. Suna hawan tsutsar da kowa ke gudu, suna ratsa dubban kilomita a bayanta. Suna da tarkunan iska da ke tatsar laima, da tafkuna a ƙarƙashin dutse inda suke tara ruwa ɗigo-ɗigo. A kudu sun fara dasa ciyawa don ɗaure tuddan rairayi, bisa shirin da Pardot Kynes, mahaifin Liet, ya kawo musu na mayar da duniyar kore cikin ɗaruruwan shekaru.

Me ya hana a gani daga sama? Fremen suna biyan Ƙungiyar Sufuri cin hanci mai nauyi da yaji don kada a sa tauraron ɗan'adam ko ɗaya a samaniyar Arrakis. Duk wanda ya nemi sawa sai a yanka masa farashin da ba zai iya ba. Mutanen da ake yi wa kallon mabarata su ne suka sayi sararin samaniyar duniyarsu, mai mulki yana zaune a fada bai sani ba. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Ba su da manyan makamai ne? Me ya sa ake yaƙi da wuƙa?

Suna da su, hamadar ce ke kashe musu amfani. Garkuwar lantarki da kowane soja ke dogara da ita tana haukata tsutsa, kunna ta a rairayi kiran ajali ne. In hasken bindigar leza ya taɓa garkuwa, fashewar takan hallaka mai harbi da wanda aka harba. Makaman nukiliya kuma akwai yarjejeniyar da ta ce duk gidan da ya jefa su kan mutane za a shafe duniyarsa. Ga guguwa mai gudun kilomita 700 a awa, wadda ke cinye ƙarfe. Abin da ya rage shi ne mutum da wuƙarsa da sanin ƙasa, kuma a nan ko Sardaukar ba su iya da Fremen ba.

Yaya Paul ya ƙwace ta cikin shekara biyu?

Bayan harin da ya ci ran Leto, ya tsira da mahaifiyarsa Jessica zuwa cikin hamada yana ɗan shekara 15. Bai fara da neman birni ba. Ya bi motocin kwasa yana lalatawa har yaji ya daina fita, kuma da yaji ya tsaya dole Sarki ya zo da kansa. A 10,193 Shaddam ya sauka kusa da Arrakeen, jiragen manyan gidaje suna jira a sama. Paul ya jira babbar guguwa, ya fasa jerin duwatsun nan da nukiliyar gidansu, yana mai cewa dutse ya harba ba mutane ba, sai Fremen suka kwararo ta ɓarakar a kan tsutsotsi.

Cin yaƙin bai isa ya ba shi gadon sarauta ba, domin rundunar da ke sama ta fi ƙarfinsa. Barazana ce ta ba shi. Ya san hanyar da zai zuba wani ruwa mai guba a kan yajin da bai nuna ba, mutuwa ta bi kifin rairayi daga wannan zuwa wancan har yaji ya ƙare har abada. Fim ɗin 2024 ya mayar da barazanar ta nukiliya ce, amma manufar ɗaya ce. Matuƙan Ƙungiya suka duba gaba, suka ga da gaske yake, suka kori jiragen. Shaddam ya sauka daga gadon sarauta, Paul ya auri 'yarsa Irulan. Hujjar Paul ita ce wanda zai iya hallaka abu shi ne mai iko da shi na haƙiƙa.

Ita Ƙungiyar Sufuri me ya hana ta mamaye Arrakis tun farko?

Hangen nesanta ne ya ɗaure ta. Matuƙanta sun saba zaɓar hanyar da babu haɗari, mamaya kuwa haɗari ce. Suka zaɓi su rayu a jikin duk wanda ke mulki, har ranar da aka riƙe musu maƙogwaro.

Me ya sa kalmomin Larabci suka yi yawa a labarin?

Mai karatu Bahaushe zai tsinci da yawa ba tare da ƙamus ba: Mahdi, jihad, Lisan al-Gaib, Usul, Sayyadina. Herbert ba Musulmi ba ne, kuma addinin Fremen ba Musulunci ba ne. Ƙirƙira ce da ya haɗa daga wurare daban-daban, yana hasashen yadda kalmomi za su sauya bayan dubban shekaru. Wasu kalmomin ma daga tarihin yaƙin mutanen Kaukasus da Rasha ya ɗebo su.

Abin lura shi ne annabce-annabcen da Fremen suka riƙe game da mai ceto daga waje shuka su aka yi. Ƙungiyar mata ta Bene Gesserit ce ta baza irin waɗannan labarai a duniyoyi masu wuya, don in wata tasu ta shiga matsala ta samu mafaka. Jessica da Paul sun san haka, kuma sun yi amfani da shi. Wannan yana ba ni ciwo duk lokacin da na sake karantawa, domin bangaskiyar Fremen ta gaskiya ce, waɗanda suka hau kanta ne suka san asalinta.

Man fetur ake nufi da melanj?

Herbert da kansa ya kwatanta CHOAM da OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur. Amma tushen labarin ya girmi rikicin mai na 1973. A 1957 ya je garin Florence a jihar Oregon ta Amurka don rubuta rahoto kan yadda ake dasa ciyawa a tsayar da tuddan rairayi masu cinye hanya. Rahoton bai fito ba, littafin ne ya fito.

Fremen sun ci ribar nasararsu?

Ba su ci ba, kuma wanda ya tsaya a fim ko littafi na farko ba zai ga wannan ba. Yaƙin da aka yi da sunan Paul ya ɗauki shekara 12, ya ci rayuka biliyan 61 a faɗin daula. Arrakeen ta zama babban birni, mahajjata suna tururuwa, ruwa ya yawaita. Tsofaffin mayaƙa suka koma zaman unguwannin bayan gari, samari suka fara sakaci da rigar ruwa. Stilgar, wanda a da yake magana da Paul kafaɗa da kafaɗa, ya koma mai bi da ka.

Ɗan Paul, Leto na II, ya yi mulkin shekara 3,500. A zamaninsa mafarkin Kynes ya cika: koguna, dazuzzuka, ruwan sama. Hamada ta rage ɗan yanki guda, tsutsotsi suka ƙare, yaji ya daina samuwa sai abin da Leto ya tara yana rabawa da cokali, kowa yana durƙusa masa. Fremen da suka rage aka mayar da su abin kallo, suna kwaikwayon al'adun kakanninsu ba tare da sanin ma'anarsu ba, har suna sayar da wuƙaƙen jabu. Abin da suka yi ta tara wa ruwa ɗigo-ɗigo shi ya shafe su.

Yaya ƙarshen Arrakis ya kasance?

Bayan mutuwar Leto na II kifin rairayi ya koma ƙasa, hamada ta dawo, tsutsotsi suka dawo. Shekara 1,500 bayan haka sunan duniyar ya gajarce zuwa Rakis, malaman addinin Leto ke riƙe da ita. Sai dai zamani ya juya. Mutanen Tleilax sun gano yadda ake haɗa melanj a tankunansu, mutanen Ix kuma sun ƙera injin da ke jan kumbo ba tare da matuƙin Ƙungiya ba. Abin da ya kare Arrakis shekaru dubbai shi ne babu mai iya rayuwa in babu ita, kuma wannan kariya ta faɗi.

Da wasu mayaƙan mata da ake kira Honored Matres suka zo daga can nesa, ba su da dalilin tausaya mata. A ƙarshen littafi na biyar, na 1984, suka ƙone fuskar duniyar ƙurmus. Kafin wutar ta sauka, Bene Gesserit sun riga sun loda tsutsa ɗaya a kumbo tare da wata yarinya 'yar Rakis mai suna Sheeana, wadda tsutsotsi ke yi wa biyayya. Suka kai ta duniyarsu ta ɓoye mai gonakin 'ya'yan itace, suka saki kifin rairayi a ƙasarta, suka zauna suna kallon gonakin suna bushewa.